Littafi na Uku a Jinkar Rumbu

Jiya na buɗe wani tsohon kwali, warin takardar da ta sha damina ya daki hancina. Nan take na tsinci kaina a tsakar gidanmu na Maijirgi, bayan girbi, mata sun kewaye buhun gyaɗa suna ɓara, ni kuma ina zaune jikin kakata da littafi a cinya.

Kawuna direba ne, shi yake kawo mana littattafan soyayya daga Katsina, ko da yaushe kashi uku: na ɗaya, na biyu, na uku. A lakwal, wato makarantar boko, Faransanci aka koya mini, amma da ƙyar da jan baƙi na iya karanta Hausa, kuma ni kaɗai na iya a gidan. Idon Kaka ya riga ya yi rauni. Bayan la'asar sai ta buga tabarma da tafinta, wato in zo in zauna. Ba ta ɗaukar mutanen littafi a matsayin ƙirƙira. Idan saurayi ya yi ƙarya, tsaki take ja, ta ce, "Wanga yaro ba shi da mutunci." Wurin nan na gefen damanta nawa ne, kuma kowa ya sani. Har ƙuli-ƙulin da take ɓoyewa a ƙarƙashin filo ni kaɗai nake ci.

Sai hutun Disamba ya kawo mana ɗiyar goggona daga Tasawa. Sa'ata ce, taubashiyata kuma, mai bakin tsiya. Rana ta biyu na yi tuntuɓe a wata kalma, ta miƙo hannu ta ce in kawo ta gwada. Kai, ban taɓa jin karatu irin wannan ba. Murya ta maza daban, ta budurwa daban, idan aka zo wurin kuka har muryarta rawa take. Matan suka daina ɓara. Washegari Kaka ta buga tabarma, na taso, ta ce, "A'a, bari 'yar Tasawa ta ɗora muna."

Ba zan ɓoye muku ba, ji na yi kamar an zuba mini barkono a ƙirji. Na koma bayan buhu ina ɓarar gyaɗa, ina jin dariyar Kaka, ina ƙirga ƙuli-ƙulin da ke wucewa hannun da ba nawa ba.

Ranar da suka kusa gama na biyu, na ɗauki na uku da hantsi, na taka turmi, na cusa shi cikin jinkar rumbu. Dabarata ita ce karatu ya tsaya har taubashiyata ta koma garinsu, sannan in fito da shi, in ƙarasa wa Kaka da bakina.

Aka nema, aka rasa. Kaka ta yi jugum, don an tsaya ne daidai inda yarinyar labarin ta bar gida ba a san inda ta nufa ba. Can taubashiyata ta gyara zama, ta ce, "Kaka, ni na san abin da ya hwaru da ita." Ƙarya take, ba ta taɓa buɗe na uku ba. Haka ta shiga zubo labari daga kanta, hannu wofi. Ta kai yarinyar bakin tabki, ta haɗa ta da ɗan sarkin aljanun ruwa, abin da babu shi sam a littafin. Kwana tara tana yi, har matan maƙwabta suna shigowa da kujerunsu.

Da ta tafi, na hau turmi na zaro littafin. Gara ta cinye rabinsa. Na kai wa Kaka ragowar, na ce na tsinta. Ta shafa shi, ta miƙo mini, ta ce, "Aje shi, ɗiyata. Ai mun ji ƙarshe." Ba ta sake buga mini tabarma don karatu ba har ta rasu.

Yanzu littattafai sun koma cikin salula. Ina koyarwa a Mayahi, kuma malamai 'yan'uwana ba su da hira sai labaran wata marubuciya 'yar Tasawa, mai soyayyar mutane da aljanu. Ba su san jinina ce ba, ni kuma ban taɓa faɗa ba. Duk wanda ta saki ina karantawa, ina neman inda za ta yi tuntuɓe. Na bayan nan ya sa ni kuka a ofis, sai da na ce mura ce.

Satin da ya wuce ta kira ni, muryarta cike da ɗoki kamar ta yarinya. Ta ce ra'ayina take jira fiye da na kowa, don ni na fara nuna mata ana iya karanta Hausa. Ta tambaye ni ko na karanta sabon.

Sau uku na karanta shi. Na ce mata ban samu lokaci ba tukuna.