Shoke da Shaƙe

Mu ba mu da murhu a Stains, garin Turawan da na tashi. Shofaj muke da shi, ƙarfen nan mai ɗumi da ke manne a bangon falo, kuma a gindinsa Kaka ta shimfiɗa tabarmarta tun ranar da Baba ya ɗauko ta daga Maradi don a duba mata ido. Da an idar da magariba sai ta jingina bayanta, ta miƙe ƙafa, ta ce, "Ƙawata, kashe akwatin surutun nan ki matso, ga ta nan ta iso." Ni ce ƙawar. Hausata a lokacin guntu-guntu ce, Faransanci ya cika min baki, amma ina matsowa.

Tatsuniyar da ta fi yawan ba ni ita ce ta mai akuya. Wani talaka ne da akuya ɗaya tilo, yana sonta har ba ya barinta ta je kiwo. Ran nan gulbi ya kawo, ya shiga kwalekwale da ita zai haye. A tsakiyar ruwa iska ta taso, akuya ta hau zillo. Sai ya naɗe igiyar wuyanta a hannu. Mutanen jirgi suna ta ce masa ya sassauta, ba inda za ta je. Ina, tsoro ya toshe masa kunne. A nan Kaka takan cafki wuyana da yatsunta masu warin man zafi. "Ya shaƙe," in ji ta, "ya ƙara shaƙewa." Ni kuwa in yi ta ƙyalƙyala dariya ina fizgewa. Da suka kai gaci ya duba, mushe yake riƙe da shi.

"Wawa ne," nakan ce.

"Ba wawa ba ne, ƙawata. Ki bari ki samu taki akuyar."

Bayan shekaru aiki ya kai ni Lyon, Kaka ta riga mu gidan gaskiya, ni kuma na haifi Nana. Tana shekara bakwai ta nace sai ta koyi tuƙa jirgin iska a tafkin bayan gari, inda ƙawayenta ke zuwa ran Asabar. 'Yata, a kan ruwa, ba ni kusa? Na ce sam. Ta yi ta kuka, babanta ya sa baki, daga ƙarshe na yarda bisa sharaɗin ni ma a sa ni ajin 'yan koyo, jirginmu ɗaya. Sauran iyaye suna zaune kan ciyawa da kofi, ni kaɗai ce uwa cikin rigar ruwa a kan doguwar riga.

Malamin, wani saurayi mai haƙuri, ya nuna mana abin dalla-dalla. Nana ta riƙe sandar tuƙi, ni na riƙe igiyar ƙyallen da iska ke turawa. In ya ce "borde", a ja igiya. In ya ce "shoke", a sassauta, iska ta zube ta wuce. Na ce na gane. A ƙasar nan aka haife ni, wa zai koya min Faransanci?

Muna tsakiyar tafki iska ta bugo, jirgi ya karkata, na ga ruwa dab da gwiwar Nana. Malamin ya ƙwala daga nasa jirgin, "Shoke, madam, shoke!" Wallahi ba Faransanci na ji ba. "Shaƙe" na ji, sarai, da muryar tsohuwar nan. Na naɗe igiya a hannu na ja iya ƙarfina. Sai ga mu a ruwa, jirgi ya kife.

Ba wanda ya ji ciwo. Aka tsamo mu kamar kaji, ɗankwalina ya tafi nasa yawon. Malamin ya tambaye ni me ya sa na ja. Ta yaya zan ce masa kakata ce? Ƙawayen Nana suna ƙunshe dariya, ita kuwa ko kallona ba ta yi ba. Na sha jin kunya a rayuwata, amma ban taɓa jin irin ta ranar ba, domin a gaban 'yata ce, kuma ita na jawo wa.

Na daɗe ina ɗauka tatsuniyar ta mugunta ce ko wauta. Ashe mutumin nan so ne ya yi masa yawa, kuma har ya sauka yana ganin taimako yake yi. Na so a ce Kaka tana nan in gaya mata, ko da za ta yi min dariya.

Da Asabar ta zagayo na kai Nana tafkin. Na kashe mota, na kai hannu zan buɗe ƙofa, sai ta ce a hankali, kanta a ƙasa, "Mama, ki zauna a nan, kin ji?"

Iska na kaɗa itatuwa fiye da ta wancan makon. Na ce na ji. Ta ɗauki jakarta ta tafi, ni kuma na sa hannuwana biyu a ƙarƙashin cinyata na zauna a kansu.