Laimar Kawu Ɗanlami

Duk wanda ya yi aiki a masaƙar nan ta Bompai ya san Kawu Ɗanlami maigadi, kuma in ya san shi, to ya san laimarsa. Ƙanen mahaifiyata ne. Shekara da shekaru yana yawo da laimar nan, amma ban taɓa ganin ya buɗe ta a kansa ba. Zai tsaya a bakin ƙofa rana na gasa shi, laima a naɗe a hammata. Da ya hango mace da goyo, sai ka ji fat! Ya buɗe.

"Rana ta manya ce," haka yake cewa. "Wanda ƙashin kansa bai haɗe ba, ina shi ina ita?"

Mu masu kai abinci ƙofar masaƙar, mu muka fi shan faɗansa. Ni shinkafa da wake nake sayarwa in an busa jiniyar cin abinci da tsakar rana. Kafin ya amsa gaisuwarki, sai ya ɗora bayan hannunsa a maɗigar yaronki. In ya ji zafi, kin shiga uku.

Ga tsumulmula! In laimar ta yage ba ya sayen wata. Ƙyallayen atamfar da aka zubar yake tsinta ya yi mata faci, ja a nan, kore a can. Leburori suka ce, "Kawu, wai me ya rage na asali a laimar nan?"

"Inuwar," in ji shi.

Wata rana motar manaja ta mutu a hanya, ya tako a ƙasa, ya jiƙe sharkaf da gumi. Ya ce, "Maigadi, miƙo laimar nan." Kawu ya ƙame, ya sara masa, ya ce, "Ranka ya daɗe, watanka nawa da haihuwa?"

Akwai Maman Bulus, 'yar Filato mai sayar da kunu. Ta tashi da goyonta ba hula, Kawu kuwa ya tashi daga aiki, sai ya bi ta da laima tun daga ƙofar har Dakata. Mijinta ya fito ya ga ƙato a bayan matarsa.

"Malam, lafiya kake bin matata?"

"Matarka kuma? Ni ko fuskarta ban gani ba. Wannan na bayan na rako. Ka saya masa hula."

Nawa labarin shi ne mai nauyi. 'Yata Binta tana wata huɗu, ana tsakiyar bazara. Na gaji da faɗan Kawu, sai na yi dabara irin tamu: na lulluɓe ta ruf da tawul mai kauri, wai kada rana ta taɓa ta. Ya gani, ya riƙe haɓa.

"Ke Hauwa, 'ya kika goyo ko dambu kike turarawa? Inuwa na ce, ban ce lulluɓi ba! Sa mata 'yar riga mara nauyi, ki koma gindin dalbejiya, ki ba ta nono."

"Kawu, ku bari in sallami mutanen nan tukuna."

Ban koma ba, don a bakin ƙofa ciniki yake. Da layin ya ƙare na sauke ta, sai na ga ta yi laushi. Ba kuka, bakinta a bushe, maɗigarta ta faɗa. Na ƙwalla ihu.

Dokar masaƙar, maigadin da ya bar ƙofa a kan aiki ya kori kansa. Kawu ya san da haka. Ya yaye tawul ɗin ya jefar, ya shafe ta da ruwan butarsa, ya fita tsakiyar titi ya buɗe laima a gaban wata babbar mota. Direba ya ci burki yana zagi.

"Ka ƙarasa zagin a hanya," in ji Kawu. "Asibiti za mu."

A bayan motar muka zauna, ba rufi. Laimar ba ta gusa daga kan Binta ba har muka isa. Aka yi mata ƙarin ruwa. Da la'asar ta yi kuka, ta kama nono.

Washegari aka karɓe kakinsa. Da aka sake kwana sai ga shi a ƙofar da ɗan bencinsa, cikin riga 'yar shara. Na kasa haɗa ido da shi. Na ce, "Kawu, ni na jawo muku."

"Ke tafi can. Ƙofarsu suka karɓe. Kin ga sun karɓi laima?"

Haka ya ci gaba da zama a wajen, yana gadin da ba wanda ya ɗauke shi, har ƙafa ta gaza.

Ranar sadakar ukun rasuwarsa gidan ya cika, wata mai jego ta rasa wurin zama, ta tsaya a tsakar gida cikin rana. Binta, da yanzu take aji huɗu, ta shiga ɗakinsa ba wanda ya aike ta. Sai muka ji fat! Ta buɗe laimar a kan mai jegon, mata suka yi dariya.

Ya Allah, bawanka Ɗanlami ya sha rana don 'ya'yan mutane su sami inuwa. Ka sanyaya makwancinsa. Ranar da babu wata inuwa sai taka, ka sa shi a ciki. Amin.