Ankon Iya Fausat

A shekarun da arzikin man fetur ya fara hawa kan mutane, babu wanda bai san Mulikat a Kantin Kwari ba, wadda kowa ke kira Iya Fausat. A Fagge aka haife ta, iyayenta 'yan Ogbomosho ne, amma Hausa a bakinta kamar ta 'yan cikin birni, sai ranta ya ɓaci Yarabanci ke ɓalle mata. Atamfa da leshi take sayarwa. Ta taɓa bin ɗan dako da gudu har Kasuwar Singa don ya taka mata bandir ɗin leshi. Ba ta tsoron ɗan sanda, ba ta tsoron ɗan iskan tasha. Allura kaɗai take tsoro, in ta hango nas da fararen kaya sai ta sauya layi.

Sai ga 'yarta Fausat ta rasa aikin da za ta ɗauko sai na allura. An ɗauke ta cikin matasan da wani likita, Dakta Nwabueze, ke koya wa binciken sankarar jini, irin ciwon da ke kumbura wa yaro wuya, ya ɗashe, ya rame. Ciwon nan ne ya ɗauke Yekini, autan Mulikat, kuma tun ranar da aka kai shi makwanci ba ta ƙara faɗin sunansa ba.

Sharaɗin horon shi ne kowane ɗalibi ya samo jinin masu lafiya, a kwatanta da na marasa lafiya. Wanda ya kasa kafin ƙarshen zango, a ba wani gurbinsa. To, a lokacin duk wanda ya sayi sabuwar Fijo sai a ce da jinin mutane ya yi arziki. Fausat ta zaga Fagge da Sabon Gari da 'yan kwalabenta, ko ɗigo ba ta samu ba. Wata tsohuwa a Rijiyar Lemo har tsintsiya ta ɗauko mata.

"Mama, cire ni za su yi," in ji Fausat, tana hawaye.

Da ma Mulikat so take yarinyar ta dawo shago, amma jin an ce cirewa sai ta harzuƙa. "Ke za a cire? Ina raye a garin nan?"

Washegari ta fitar da anko. A al'adarsu, uwar biki ke zaɓar zane, ƙawaye su ɗinka, ranar biki kuma abin da ta yi shi ake yi. Ta tashi a tashi, ta taka rawa a taka. Ta aika da zanen gida-gida, ta ce biki ranar Lahadi. Bikin me? "Ku dai zo." Ta kuma ja kunnen tela ya yi wa kowace buba hannu mai faɗi, wanda ba ya wuyar naɗewa.

Ranar Lahadi tsakar gida ta cika da mata, gwaggwaro na gogar gwaggwaro. Sai da aka ci dafa-duka aka ƙoshi, sannan Mulikat ta miƙe.

"Ba amarya, ba jariri," in ji ta. "Jini 'yata ke nema, ɗan kaɗan, don karatun ciwon yara. Ba dole. Wadda ba ta so, ga ƙofa, ta fita da ankona a jikinta duniya ta gani."

Wuri ya kaure da salati. Ita kuwa ta riga ta shirya dabararta, da an fara za ta sulale madafa da sunan ƙaro nama. Ta manta da Muinat, maƙwabciyarta a kasuwa, wadda suka shekara ashirin suna tsokanar juna, wadda kuma ta san sirrinta na tsoron allura.

"Iya Fausat, mun ji," in ji Muinat tana murmushin mugunta. "Amma yaushe 'yan anko suka fara shiga gaban uwar biki? Bismillah."

Mulikat ta dubi ƙofar madafa, ta dubi 'yarta. Ta zauna kan kujera, ta naɗe hannun bubar da ita ta sa aka faɗaɗa, gumi na tsiyaya. Mata sun gyara zama don su sha dariya. Da tsinin allura ya taɓa ta, ta rufe ido gam, ta ƙwala kira.

"Yekini!"

Dariyar ta mutu a bakin kowa. Mulikat ta sulale ƙasa, aka yi ta yi mata fifita. Kafin ta farfaɗo, Muinat ta hau kujerar, hannu a naɗe, sauran sun yi layi a bayanta.

Fausat ba ta rasa gurbinta ba. Shekaru bayan haka, da ƙanjamau ya ɓulla aka ga yana buɗe wa sankarar jini hanya, ita ke horar da sababbin masu binciken.

Mulikat kuwa har ta rasu tana musun cewa ta suma, wai zafi ne da nauyin gwaggwaro. Amma tun daga Lahadin nan, in aka tambaye ta 'ya'yanta, sai ta ce, "Fausat, mai tsira wa mutane allura, da Yekini."