Haƙoran Wushirya

A layin masu sayar da kayan ado ba wanda ke kiranta da sunan yanka. Wushirya kowa ke cewa, saboda 'yar tazarar da ke tsakanin haƙoranta na gaba. Allah ya jiƙanta, da haƙoran nan ta ci abinci, da su kuma ta nemo shi.

Aikinta a shagon sarƙoƙi shi ne duba lu'ulu'un da ake cirowa daga cikin kawa, wata halittar ruwa mai ɓawo, ta rubuta 'yar takardar da ake ɗaura wa kowace sarƙa. Sai ta goge ƙwaya da tsumma, ta goga ta a haƙori. Na gaske yana da ɗan kaushi kamar rairayi, na kwalba kuwa sulɓi yake. Sauran aikin na ido ne: wannan na kiwo ne a tafki, wancan na kiwo a teku. Kalmar "kiwo" ba ta taɓa barinta a baya ba.

"Mutum ne ya sa wa kawar ƙwallo a ciki, ya yi renonta," haka take gaya wa masu saye. "Na gaske ne, amma ba tsintuwa ba ce. Ki san abin da kika rataya a wuya."

Sai ciwon suga ya ci dasashinta, haƙoran gaba suka zube, yatsunta ma suka daina jin abu sosai. A lokacin hutu ta sa na roba, har ta roƙi likita ya bar mata tazarar. Amma roba ba ta jin kaushi. Ga jikoki biyu marayu a gida, ga mai shago yaro ne sabon jini, ɗan marigayin da ya ɗauke ta aiki. In ya sani, wa zai bar mata kujerar?

Aminiyarta tela ce a shagon da ke jikin nasu. Ita ta riƙa shigowa kowace safiya da sunan gaisuwa, su shige bayan labule, telar ta goga mata ƙwayoyin a nata haƙoran.

"Goga a hankali, ba gyaɗa na ba ki ba!" in ji Wushirya.

"To masu haƙora, karɓi ki yi da kanki."

Su ƙyalƙyale da dariya, suna toshe baki.

Wata rana telar ta kai ɗanta asibiti, sai ga kaya daga sabon dillali. Ga kuma wani direba a tsaye, yana son sarƙa ya kai wa mahaifiyarsa.

"Inna, duba mana wannan ki rubuta, yana sauri," in ji mai shago.

Ta kai ƙwayar baki, ta goga. Shiru. A ido dai kamar na tafki ne, amma masu kwaikwayo sun ƙware. Ta dubi direban yana ta murmushi, ta ajiye biron.

Ta juya ga mai shago. "Ɗana, ba zan rubuta ba. Haƙoran nan na kanti ne, ba sa jin komai."

Mai shago ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa na rawa. Ta zaci fushi ne, ashe dariya yake dannewa.

"Haba Inna! Labulen nan fa ba bango ba ne. Kullum ina jin ku, ke da likitarki."

Ya karɓi sarƙar, ya goge, ya kai bakinsa. "To, me zan ji?"

"Rairayi, ja'iri. Ka ji shi?"

Ya ji. Direba ya tafi da sarƙarsa, takarda na reto a jiki: na kiwo, na tafki.

Tun daga ranar, a fili ake yi. Shi ya goga, ita ta duba ta rubuta, tana yi masa tsiya wai bakinsa ya fi dacewa da cin biredi. Ba ta bar kujerar ba sai da ƙafafu suka ƙi ɗaukarta, shi kuma bai sa kowa a kai ba sai da aka kai ta makwancinta. Jikokin nan biyu, daga shagon ake biya musu kuɗin makaranta har yau.