Kukan da Aka Sa a Garmaho

A Lyon muka girma, a hawa na huɗu, babu tsakar gida balle murhu. Idan sanyi ya shigo, Kaka takan tara mu jikin shofaj, na'urar ɗumama ɗaki, bayan magariba, ta miƙe ƙafafu, mu kuma mu yi ta zungurin juna a kan wurin zama. Ni take ce wa "maigidana marowaci", wai ban taɓa saya mata ko goro ba.

Wata rana ta shigo daga ɗakin maƙwabciyarmu Madam Lan, wata tsohuwa 'yar Biyetnam da suke hira da gurguwar Faransanci da nuni da hannu. Fuskar Kaka a murtuke. Ta ce yau babu Gizo.

"Ku ji abin da Nasara suka yi wa uwar matar nan," in ji ta. "Mawaƙiyar wasan kwaikwayo ce a ƙasarsu, wasa guda sai a kwana ana yi. Suka ɗauko ta a jirgin ruwa har Paris, suka tsayar da ita gaban wani ƙaton ƙaho na ɗaukar murya a faifai, ta rera waƙar uwar da ɗanta ya mutu. Faifan bai da tsawo, sai wani mai gemu ya riƙa kaɗa mata hannu, wai ta yi sauri. Kuka fa! Wa ya taɓa ce wa mai kuka ya yi sauri? Tir!" Ta yi tsaki har ƙanwata ta firgita.

Madam Lan tana ƙarama uwar ta rasu, kuma burinta ɗaya ne a duniya: ta ji muryar nan kafin ta mutu.

Kaka ta riga Madam Lan rasuwa. Bayan na girma na ji za a kunna tsofaffin fayafayan Biyetnam a wani zaure a Paris, sai na ɗauko Madam Lan a keken guragu muka hau jirgin ƙasa. Zauren cike da masu riƙe da kofunan giya, mai gabatarwa ya ce muryar "wata mata ce da ba a san sunanta ba". Muryar ta fito cikin ƙarar shuu, siririya, tana haki. Tsohuwa ta damƙe hannuna har ya yi zafi, ta ce muryar uwarta ce. Can faifan ya yanke, zaure ya ɗauki tafi, wani ma har da "Magnifique!"

Ita ba ta tafa ba. Ta ce mini a hankali, "Ba ta gama ba, ɗana. A nan ne uwar take kiran sunan yaron. Ba su bar ta ta kai ba."

Ina yaro na ɗauka mai gemun ne kaɗai mugun labarin Kaka. Ranar na duba zauren, na ga mutanen kirki da tufafi masu kyau suna ta tafi, babu ko ɗaya da ya tambayi me matar take faɗa.