Shanun da Isyaku ya sayar

Shekara bakwai ke nan da muka kai ƙanena Isyaku makwancinsa a Madadi, bayan hatsarin mota a hanyar Gwarzo. Ban saba damun masu karatu da zancen gidanmu ba, amma bana abin ya tsaya mini a rai.

Mu jikokin makiyaya ne. A gidanmu ranar suna ake nuna wa jariri karsanarsa, duk abin da ta haifa nasa ne, kuma ba a kai su kasuwa sai don aure ko babbar lalura. Isyaku kuwa, da ya zama malamin lissafi a wata sakandare a Kabo, sai ya kora nasa kaf ya sayar, ya dawo da kwamfutoci 'yan gwanjo da farantin sola. Baba ya daɗe bai amsa gaisuwarsa ba. Ni kuwa wawa na ce masa, ido da ido. Ya yi dariya ya ce, "Yaya, saniya ɓarawo na korawa, ciwo na kashewa. Abin da ke cikin kai fa, wa zai kora?"

Gasa ce ta tafi da hankalinsa, irin wadda ake ba matasa matsala mai tsauri, a sa musu lokaci, a ga wanda zai fara rubuta wa kwamfuta umarnin da zai warware ta. Ya yi imani akwai ƙwaƙwalwa a ƙauyukanmu da za ta kara da ta ko'ina a duniya. Har Durun yake zuwa a kan babur yana lallashin iyaye su bar masa yara masu kaifin kai. Shi kansa in ya kalli abin da ɗalibi ya rubuta, nan take yake ɗora yatsa a kan kuskuren, kamar yadda Baba ke duban garke ya san wadda ba ta dawo ba, ba tare da ƙirge ba.

Cikin ɗalibansa babu kamar 'yarsa Zulai. Bayan rasuwarsa ta shiga jami'a, ta yi ta cin gasa, har wani kamfani na waje ya ɗauke ta aiki tana zaune a ɗakin uwarta. A lokacin na ce, to, Isyaku ya kayar da ni, kuma na ji daɗin kayen.

Yanzu fa? Ga wannan abu da ake kira ƙirƙirarriyar basira. Zulai ta nuna mini a wayarta: matsalar da ubanta kan yi kwanaki yana fama da ita, kafin na kurɓi shayi na'ura ta gama. Kamfanin ya sallame ta da ita da abokan aikinta. Yaran da take koyarwa ran Asabar da kwamfutocin ubanta sun watse, wai me za su sha wahala a kai. An yi gudun gara, an faɗa gidan zago. Ina ta tunanin me Isyaku zai ce. Ƙila ya ce kan ɗan Adam ne ya ƙera na'urar, don haka har yanzu kan ne gaba. Amma kan wa? Ba na 'yan Kabo ba dai.

Ran Juma'ar da ta wuce ta zo gaishe ni, ta durƙusa, ta daɗe ba ta tashi ba. Can ta ce ta kulle ɗakin kwamfutocin. Sannan ta ce, "Baffa, da shanun ya bar mana, da yanzu sun yi garke ko?"

Na tuno maganar ubanta, wai abin da ke cikin kai ba mai korawa. Abin da ya rage na Isyaku shi ne idon nan nasa mai ganin kuskure, yana nan a fuskar 'yarsa, kuma yau cinikin shanun da ya yi take kallo da shi.

Allah ya jiƙanka, ƙanena. Ga alama ni na ci gardamar, kuma wallahi ban so ba.