Zaituna da Kwamfutar Aro

Idan ka shigo Kazaure ta hanyar Kano, ka ɗan wuce tasha, za ka ga wani gini da faranten sola jere a kansa. Cibiyar gwajin jarrabawa ce, inda ɗalibai ke zuwa koyon amsa tambayoyi a kwamfuta kafin su zauna jarrabawar shiga jami'a ta gaske. Kwamfuta ɗari da ashirin ne a babban ɗakin, duk laftof 'yan gwanjo, kowace da lambarta a manne a murfi, kowace da wayarta da ta haɗa ta da sauran. Makullin ɗakin yana hannun Zaituna Yakubu. A bara saura ƙiris ya bar hannunta.

'Yar Roni ce, ta huɗu a cikin 'ya'ya bakwai. Mahaifinta gyaran injin ban-ruwa yake yi, kuma a wurinsa ta ɗauki halin nan na rashin yarda da a ce abu ya ƙi. Ta yi difloma a kan kwamfuta a nan Kazaure, ta fito da sakamako mai kyau, amma har ta gama ba ta taɓa kula da kwamfuta fiye da ɗaya a lokaci guda ba.

Mai cibiyar, Alhaji Sama'ilu, ɗan kasuwar hatsi ne na Babura. Ya san gero, ya san wake, ya san sefa, kuɗin Nijar, amma bai san kwamfuta ba, kuma ba ya ɓoyewa. Abin da ya sani shi ne, duk wanda ya riƙe makullin sito shi ake tambaya. Ranar da ya ɗauke ta aiki ya miƙa mata makullin ya ce, "Ga shi, 'yata. Abin da ke ciki amana ne." Ya haɗa ta da Silvanus, mai kula da sola da wayoyin wuta, wanda iyayensa suka zo daga kudancin Kaduna, shi kuwa a Kazaure aka haife shi, Hausa a bakinsa har ta fi ta wasu.

Aikin da ya fi cin ranta shi ne shara. Ɗalibai in sun tashi sai su bar tarkace a kwamfuta: waƙoƙi, hotunan kansu, abubuwan da suka kwafo daga waya. Dole a goge kafin wasu su shigo. Zaituna ta ƙirga, kowace kwamfuta sai an danna linzami sau goma sha ɗaya. Sau dubu ɗaya da ɗari uku da ashirin ke nan, bayan kowane rukuni. Yatsanta har ya fara tsami.

"Yaya Silvanus, wannan ba aikin mutum ba ne," in ji ta.

"To aikin wa ne, Injiniya? Aljanu za mu ɗauka?"

"Aikin kwamfuta ne. Ita za ta share kanta."

Daga nan ta shiga koyon rubuta sikirif, wato jerin umarni da ake rubuta wa kwamfuta sau ɗaya, ta aika wa sauran duka su bi. A makaranta an taɓo shi a allo ne kawai aka wuce. Ta koma kallon bidiyo a waya, datarta na ƙarewa a tsakiyar bayani, ta sake saye ta ci gaba daga inda ta tsaya.

Na farkon da ta rubuta layi tara ne, aikinsa ya kashe kwamfutocin duka a tashi ɗaya. Ta kira Silvanus ya zo ya ga abin mamaki, ta danna. Sikirif ya fara da lamba ɗaya, wadda ita ce ke gabanta, wadda shi kansa yake gudana a ciki. Allonta ya yi baƙi ƙirin. Sauran ɗari da goma sha tara suka ci gaba da haskawa abinsu.

Silvanus ya yi dariya har da riƙe ciki. "Sannu da aiki! Kin aiki ɗan aike ya fara da kulle kansa a ɗaki."

"Yi dariyarka. Gobe ma ka zo."

Washegari kwamfutocin suka ce ba ta da izini. Ta gano yadda ake shigar da kalmar sirri. Bayan nan sikirif ɗin ya riƙa tsayawa cak duk inda ya tarar da kwamfutar da ke kashe, yana jiran amsar da ba za ta zo ba, sai da ta koya masa ya tsallake ya wuce. Wata rana ta kwafo layi daga intanet ba ta fahimce shi ba, ya canja wa kwamfuta talatin suna, ta wuni tana mayarwa da hannu. Ba ta fasa ba. Da damina ta kama, sikirif ɗin shara ya kai layi arba'in da biyu kuma yana aiki: dannawa ɗaya, ɗaki ya yi fes, ƙarshen allo ya nuna adadin da aka share. Ta riƙa tafiya sallar la'asar a kan lokaci, abin da a da ba ta samu.

Sai dai akwai abin da ba ta sa a lissafi ba. Alhaji Sama'ilu ba ya iya cewa a'a ga wanda ya zo aro. Haka ya saba a Babura: maƙwabci ya ari buhu, ya ari sikeli, ya ari mota. Kwamfuta ma a wurinsa kaya ce kamar sauran. Da yayan matarsa, Malam Muhsin, shugaban wata Islamiyya a Gwiwa, ya ce yana son guda ɗaya saboda walimar saukar ɗalibansa, Alhaji ya ce kawai, "Zaituna, a ba Malam." Ta cire lamba arba'in da uku ta ba shi. Tun daga ranar, allonta ɗari da goma sha tara yake nunawa.

Ranar da Malam Muhsin ya dawo da ita, Zaituna ta tafi sallar azahar. Ba dawo da ita ya yi gaba ɗaya ba. So yake a kwashe masa hotuna da bidiyon walimar da mai hoto ya zuba a ciki, a sa masa a filash. Shi mutum ne mai ladabi da kayan aro, ba ya ajiye abu sai a inda ya ɗauke shi. Ya nemi teburi mai lamba arba'in da uku, ya ajiye ta, Silvanus ya taya shi jona wayoyi yadda suke a da. Malam ya wuce ofis cin abinci da Alhaji, Silvanus kuma ya hau rufi duba wani farantin sola.

Zaituna ta dawo, ɗalibai sun watse. Ta zauna, ta danna yadda ta saba. Allo ya nuna ɗari da ashirin.

Ta kalli lambar. Ta miƙe tsaye ta leƙa layi na uku. Ga lamba arba'in da uku nan a jone, sikirif ya share ta tare da sauran.

Hoto ɗari uku da arba'in da bidiyo biyu, babu ko ɗaya. Aka kira mai hoton a waya, ya ce ai ya riga ya goge memorinsa, ya yi wani biki da shi. Malam Muhsin bai ɗaga murya ba. Salati ya yi, ya sa takalminsa, ya ce Allah ya sa haka ne mafi alheri, ya tafi. Wannan shirun ya fi ƙona Alhaji a kan a ce faɗa aka yi.

"Kin kunyata ni a gaban surukina," in ji shi. "Daga yau wannan rubutun naki na haramta shi a ɗakin nan. Ki koma yi da hannu yadda kowa ke yi."

"Ranka ya daɗe, laifina ne ban duba ba kafin in danna. Wannan na ɗauka. Amma hannu ba zan koma ba."

Alhaji ya ajiye carbinsa. "Me kika ce?"

"Ba zan koma ba, ranka ya daɗe. Abin da aka ce ya yi shi ya yi. Ni ce ban gaya masa ya tsaya ya tambaya ba. Gyara yake so, ba jefarwa ba."

"To ki saurara. Gobe zan tafi Babura. Kafin in dawo ki zaɓa: ko ki bar shi, ko ki ajiye mini makullina a kan teburin nan."

Da ya fita Silvanus ya zo wurinta. "Ƙanwata, ni na jona ta. Bari in je in gaya masa."

"Ka jona, ni na danna. Bar shi."

"To ki ce masa kin daina mana. In ya tafi kasuwa wa zai sani?"

"Ni zan sani. In yi aikina a ɓoye kamar na sato shi? Allah ya kiyaye."

"Kai! Mutanen Roni da taurin kai."

"Na gode. Yanzu cire mini arba'in da uku, kada kowa ya taɓa ta."

Ta karanta cewa abin da aka goge ba ya tafiya nan take muddin ba a rubuta wani abu a kansa ba. Ta samo manhajar tono, ta sa ta aiki. Hoto ɗari biyu da sittin da ɗaya suka dawo. Bidiyo ɗaya ya dawo rabi, ɗayan ya ƙi buɗuwa sam. Ta zuba su a filash, ta hau babur zuwa Gwiwa, hanya duk taɓo.

Ta sami Malam Muhsin a zauren makaranta. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta ba shi haƙuri, ta nuna masa hotunan a wayarta ɗaya bayan ɗaya. Ya riƙa gyaɗa kai har suka ƙare.

"Babu na Iya Fatu," in ji shi. "Tsohuwa ce, da jikokinta ta zauna aji har ta sauke. Ita ta fi kowa tambayar hotonta."

"Allah ya gafarta Malam, na nema, bai dawo ba. Ba zan ce maka zai dawo ba."

Sai ya ce, "Na ji Alhaji zai karɓi makulli. Kina so in sa baki?"

"A'a, Malam. Hotuna na kawo, ba roƙo ba. Sai dai in Iya za ta yarda ta sake sa kayanta ta riƙe allonta, ni zan ɗauke ta hoto yanzu."

Ya dube ta da kyau, sannan ya aika a tambayo. Iya Fatu ta yarda, amma ta ce ba daidai yake da na ranar ba, kuma gaskiyarta.

Ranar da Alhaji ya dawo ya tarar da abu biyu a kan teburinsa: makulli, da gwangwanin jan fenti. Zaituna na tsaye.

"Kin zaɓa ke nan."

"Ban zaɓa ba tukuna, ranka ya daɗe. Ku za ku zaɓa, amma ku fara gani."

Ta kai shi babban ɗaki. A kan wani kanta daban ga kwamfuta shida, kowace an shafa mata jan fenti a murfi.

"Ban isa in hana ku ba da aro ba, kuma na san ba za ku daina ba. Waɗannan su ne na aro. Na cire su daga cikin waɗanda ake sharewa, ko an jona su rubutun nan nawa ba zai taɓa su ba. Sauran kuma, yanzu sai ya faɗi nawa ya gani, ya tsaya sai na amsa. Kuma ba ya gogewa, kwashewa yake ya ajiye a gefe har sati ya zagayo. In duk da haka kun ce hannu, ga makulli can, na gode da zaman da muka yi."

Alhaji ya ɗauki ɗaya daga cikin jajayen da kansa, ya ce Silvanus ya zuba hotunan da ke wayarsa a ciki, ya kai ta tsakiyar layi ya sa aka jona.

"Danna."

Ta danna. Allo ya nuna ɗari da goma sha huɗu, ya ce ya ga ta aro guda ɗaya ya tsallake, ya tsaya yana jira. Ta amsa, ya yi aikinsa. Alhaji ya je ya buɗe jar kwamfutar, ya sa Silvanus ya nuna masa hotunan, ya duba su har na ƙarshe.

Suka koma ofis. Ya ɗauki makullin, ya juya shi a hannu, ya tura mata shi ta kan tebur.

"Bakinki dai ya yi tsawo, 'yar nan."

"A yi haƙuri, ranka ya daɗe."

"Kuma shida ba za su isa ba. Dangin matata yawa gare su."

Zaituna ta sa makullin a jaka, ta ɗauki gwangwanin fenti. "Takwas, ranka ya daɗe. Daga nan kuma sai dai su bi layi."